Kada Ki Lulluɓe Tsohuwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya a ɗakin Gwaggonki Indo, inda suka ɓoye ki suna ta banka miki turare. Allah ya sa lalle ya kama, ya tsare miki hanya tun daga ƙofar gidan nan har ƙauyen mijinki a bayan Ɗan Isa, ya sa ki shiga da ƙafar dama.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya, katanga ɗaya tsakaninmu, amma uba ya zauna yana rubuta wa 'yarsa wasiƙa. To ya zan yi? Gida ya cika da mata, ko leƙowa na yi sai a rangaɗa mini guɗa a kunne. Kuma ko da an bar mu mu biyu, tun da kika ɗaure mini fuska ban ga ƙofar shiga ba. Sunan mahaifiyata kika ci, ashe har fushinta kika gada. Ita ma in ranta ya ɓaci ba ta faɗa, sai ta ajiye maka tuwo a hankali ƙwarai, ta ce ga shi nan, ta juya. Haka kike yi mini tun ranar da na mayar wa Lawali, angonki, kyautarsa.

Bari in faɗi laifin nawa yadda kika ɗauke shi. Na ba ki Tsohuwa, kwamfutar cinyar da ta ciyar da gidan nan, cikin kayan ɗakinki, don ki ci gaba da sana'ar da kika iya: tura wa mata karatu da wa'azi da waƙoƙin biki da hotuna a memorin waya. Lawali ya ji kina ƙorafin tana da nawa, ya bi kasuwar Maraɗi lungu-lungu ya samo furosesa mai gudu, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya kawo mini a ɗan kwali yana murmushi har kunne. Ni kuma na juya shi, na karanta lambar da ke jikinsa, na ce ba zan sa ba. Ke a ganinki na raina kyautar mijinki, na kunyata shi. Wallahi ba na son ki ƙetare iyaka da wannan a ranki, shi ya sa na ɗauko biro. Ki karanta har ƙarshe, in ya so ki yanke mini hukunci.

Kin san da can gyaran rediyo da bidiyo nake yi. Da aka ƙaddamar da Shari'a, gidan kallon da nake yi wa gyara ya rufe, na koma ina kashe ƙuda a shago. Shekaru suka ɗan ja, waya mai memori ta shigo, na ga direbobi na neman mai zuba musu abin saurare. Na sayi laftof ɗina ta farko, ta hannu, cikin kayan da ake shigowa da su daga Kwatano, na kafa tebur ƙarƙashin dalbejiyar nan ta Magama, dab da shingen kwastan. Na sa mata suna Amarya. Kada ki ɗauka da ke nake, ita wannan ba ta yi ƙarko ba. Ranar farko ma 'yan Hisba suka tsaya a kaina suna duba abin da nake turawa. Kafin su tashi duk sun miƙo wayoyinsu a zuba musu ƙira'a.

Amarya tana aikinta lafiya lau. Wutarmu kin san halinta: turakun da ke kai ta Nijar suna ratsa ƙasarmu, mu muna ƙasa muna fifita. Sai in yi caji a injin mai shagon sanyi da sassafe, batir ya kai ni har bayan La'asar in ina yi ina rufewa. Ana nan sai wani Ɗanjuma ya kafa tebur a tsallaken titi da kwamfuta sabuwa fil. Kafin in gama da mutum ɗaya ya sallami biyu. Na kasa barci. Na je Kano na ce a ba ni furosesa mafi gudu da zai shiga ramin tawa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan yana da zafi fa." Na ce ai ni ma ina da zafi. Na dawo na sa shi, na kwana ina jin kaina wani injiniya.

Washegari ranar kasuwa ce. Da farko abin gwanin sha'awa, kafin ka ƙifta ido ta buɗe. Hantsi na ɗagawa fanka ta fara ihu, ba ta ƙara yin shiru ba. Gefen hagu ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu. Sai kuma abin da ban taɓa zato ba ya faru, ta fara jan ƙafa fiye da da. Tun ba a kira Azahar ba batir ya ce ga garinku. Direbobi sun yi layi da memori a hannu, wani ɗan Madarunfa ya leƙo ya ce, "Maigida, ordinatar taka ta suma, ko dai azumi take?" Suka kwashe da dariya suka tsallaka wurin Ɗanjuma. Garin neman ƙiba na samo rama.

Ga abin da na gane daga baya, ki riƙe shi da kyau. Kowane furosesa yana da adadin wutar da yake ci, ana auna shi da wat, kuma duk wutar da ya ci zafi take komawa. Masu ƙera kwamfuta sun auna 'yar fankar da bututun jan ƙarfen da ke kwashe zafi daidai da furosesan da suka sa mata. In na asali mai wat ashirin da biyar ne, ka cusa mai talatin da biyar, fanka ba ta ƙara girma ba, batir ma bai ƙara ba. Shi furosesan ya ja wuta, fanka ta ja wuta tana ƙoƙarin hura shi, batir na tsakiya yana shan wahala, ga zafi na cin ƙarfinsa kullum. In zafin ya kai wani wuri, furosesa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, in abin ya faskara ya kashe kwamfutar ɗungurungum. Wato sauri ya haifi nawa. Don haka duk wanda ya kawo miki furosesa, kada ki tambayi gudunsa tukuna, ki fara tambayar wat nawa yake ci.

Da mai hankali ne ni, da na mayar da na asali a ranar. Amma ubanki ne. Na ce ai zafi maganinsa sanyi. Farin man nan da ake shafa wa furosesa don ya manne da jan ƙarfe ya bushe, ba ni da wani, na duba na ga man goge baki ma fari ne, har da sanyi-sanyi a harshe. Na lafta mata. Kwana biyu duk wanda ya zo tebur sai ya ce wane ƙamshi ne wannan, a rana ta uku ya bushe ya zama alli, zafi ya ninka. Sai na tuna yadda innarki ke naɗe tulu da jiƙaƙƙen buhu ruwa ya yi sanyi. Na jiƙa buhun algarara na shimfiɗa, na ɗora Amarya a kai. Ta yi sanyi kam, sanyin da ba ta sake tashi ba. Innarki har yau in ta ga na matso kusa da tulu sai ta ce a kawar da shi kada in gyara shi.

Saboda haka, man shafawar nan na sa miki sirinji guda a cikin jakar Tsohuwa. Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar dawa ya isa, bayan kin goge tsohon tas. Kada ki maye gurbinsa da komai, ko da kuwa wanda ya ba ki shawarar yana da gemu har ƙirji. Ruwa kuma ko a mafarki kada ya kusance ta. In ta yi zafi, ki kashe ta, ki ba ta inuwa, ki hure ƙurar da ke bakin fanka. Ƙurar manyan motoci ta fi komai toshe ta, kodayake ke can sai dai ƙaiƙayin gero.

Bayan Amarya na sayi Tsohuwa. Tun a lokacin ta manyanta, amma na rantse ba zan taɓa mata furosesa ba, ga ta nan har yau. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai rantsuwar a kan tawa kwamfutar na yi, ban yi a kan ta mutane ba, kuma nan ne na tafka kuskuren da ya fi shafarki.

Kin tuna Malam Isiyaku na Farfaru, mai tafsiri, Allah ya jiƙansa. Ɗansa ya aiko masa da laftof daga Makka cike da ƙira'a da littattafai. Idonsa ya yi rauni, yana son ta don tana ƙara masa girman baƙi. Malam ya aiko mini da ita ya ce tana daɗewa kafin ta buɗe littafi, ga azumi ya matso. Wannan karon na yi wayo, a ganina. Na zaɓi furosesan da ya fi nata kaɗan, na sa man kirki, na gwada ta a kan teburina na katako har yamma. Ta ɗan yi ɗumi, amma ta jure. Na mayar masa ina ta washe baki.

Azumi bai yi nisa ba aka aiko in zo maza. Na hau babur na tafi. Na tarar da Malam a zaure bayan La'asar, jama'a sun cika, shi kuma yana zaune yana kallon baƙin gilashi. Ya ce, "Malam Sule, mi ka sa mata? Kullum sai mun kai tsakiyar aya ta ɗauke, kamar wadda ad da aljanu." Na duba, sai na riƙe baki. An shimfiɗa buzu, an ɗora matashin kai mai laushi a kan buzun, an ɗora kwamfuta a kan matashin ta nutse ciki, sannan uwargidansa ta ɗinka mata riga ta ƙyallen karan-miski da ta rufe ta ko'ina in ban da gilashi da madannai. Duk ƙofofin da take shaƙar iska suna ƙasa da gefe, kuma duk an toshe su. Da furosesanta na asali wataƙila da ta lallaɓa a haka, da nawa kuwa ina.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a sauke ta daga matashin nan a ajiye ta a kan daɓe." Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Alƙur'ani na ciki, izu sittin, ka ce in aje ta bisa ƙasa? Kai da kanka za ka aje Mus'hafi nan?" Gaskiyarsa ce. Ba wauta ce ta sa suka naɗe ta ba, girmamawa ce. Muna cikin haka idona ya faɗa kan ɗan katakon nan mai naɗewa da ake ɗora Alƙur'ani a kai, yana jingine a bango. Na buɗe shi, na tuɓe wa kwamfutar riga, na ɗora ta a kan bakinsa biyu. Ta zauna daram, sama da ƙasa, iska na ratsawa ta ƙarƙashinta. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Ashe dai mazauninta na nan tun tuni, mu munka tsaya yi mata gado." Na mayar mata da furosesanta na asali a wurin. Batirin dai ya riga ya dahu, sai da aka sake wani. Da Malam zai rasu ya bar wasiyya a ba ni katakon, shi ne wanda kika taso kina gani a kan teburina.

Laifina a nan shi ne na gwada kwamfuta a inda nake zaune, ban tambayi inda za ta zauna ba. To ke na tambaya, Uwata, kuma na sani. Za ta zauna a ƙauyen da babu wuta, sai ranar da Lawali ya kai ta caji Ɗan Isa ko ya jona ta a mota. Za ta zauna a ɗakin amarya mai rufin kwano, a bazara. Matan ƙauyen za su zo miki da hantsi bayan sun gama daka, wasu sai bayan La'asar, kowace da memorinta ƙulle a bakin zane. A da sai su ba maza su kai gari, a dawo musu da abin da maza suka ga dama. Yanzu za su zauna kusa da ke su zaɓa da bakinsu. In batir ya mutu kafin Azahar, na yamma sun tafi ke nan, kuma mace in ta zo sau biyu ta tarar da baƙin gilashi ba ta dawowa na uku. Nawar da kike kuka da ita ba ta korar kowa, mata ai hira suke so. Mutuwar batir ce ke kashe sana'a.

Sannan ga 'yan jere. Na san Gwaggonki Indo tun tana yawo ba ɗankwali. Duk abin da ta gani mai daraja sai ta ɗora shi a tsakiyar gado a kan matashi, ta lulluɓe shi da leshi don baƙi su gani. Ki bar ta ta yi abinta ranar jere, muddin kwamfutar a kashe take. Suna juya baya ki sauke ta. Katakon Malam yana cikin akwatin da ke da kwaɗo, na ba ki shi. In za ki kunna ta, a kansa za ta zauna, ba a katifa ba, ba a cinya kan zane ba. Na kuma ga koren ƙyallen da kika yi ta yi wa ado da zare a ɓoye, kina zaton ban gani ba. Ya yi kyau ƙwarai, har da tsuntsaye. Amma rigar uwargidan Malam ce ta dawo, kada ki rufa mata shi.

Kada kuma ki ce ubanki ya haramta canjin furosesa. A'a. Akwai waɗanda aka ƙera daga baya, sun fi gudu amma wutar da suke ci daidai take da ta tsohon, wasu ma ba su kai ba. In aka dace da irin wannan kuma ya shiga ramin, riba biyu ke nan. Na Lawali ba irinsu ba ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da na yi mata shi ne na ƙara mata ram, wurin da take riƙe aikin da ke hannu, na wanke fanka, na sake man. Ki kunna ki gani, ta ɗan ji ƙarfin ƙafa ba tare da ta ƙara cin wutar a-zo-a-gani ba.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Bayan kwana biyu da na mayar masa da kwalin, Lawali ya dawo tebur. Ya durƙusa ya gaishe ni, yana wasa da makullin mota. Can ya ce, "Baba, ban zo gardama ba. So nike in gane, don kada gobe in sake sawo abin da ba shi ne ba." Na ce zauna, gani ya kori ji. Na buɗe Tsohuwa a gabansa, na karya rantsuwata na yini ɗaya, na sa furosesan nasa. Muka kunna muka ci gaba da sallamar direbobi. Na ce ya ajiye hannunsa a bakin fanka. Bai daɗe ba ya janye yana yarfewa. Muka zuba wa alamar batir ido tana zubewa. Ya girgiza kai ya ce, "Wanga ai injin tirela na cikin ƙaramar mota. Lagireton ba ya iya mai, tanki ma ba ya iya mai." Na ce to ka ji, abin da na kasa faɗa da baki ke nan.

Na zaci zai ji haushi, don ya sha yawo kafin ya samo shi. Sai ya ce, "Baba, hidda shi maza tun bai yi mata lahani ba. Ni don ta ji daɗin aikinta na sawo. In zai kashe mata sana'a, mi ya yi amfani?" Ya karɓi kwalinsa ya koma Maraɗi, ya musanya shi da batir na biyu. Yana nan cikin jakar, naɗe a jarida. Ya so ya gaya miki da kansa, na ce ya bari ni zan faɗa, tunda da ni ake fushi. Sai ga shi kullum in kika ajiye tuwo bakina ya yi nauyi.

Uwata, ban raina mijinki ba. Da farko dai na yarda da shi ne don ke kika kawo shi, kuma na san gidansu. Amma ranar nan, da na ga saurayi ya saki abin da ya yi alfahari da shi ba tare da ya ɓata fuska ba, don kawai kada ki cutu, na ji hankalina ya kwanta har ƙasa. Ni da nake shekarunsa sai da na kashe kwamfuta sukutum kafin in yarda na yi kuskure. Ki riƙe shi da kyau. In ya sake sayo wani abin da bai dace ba, kuma zai sayo, don maza ne mu, kada ki yi masa irin tawa ta mayar da kwali ba bayani. Ki zaunar da shi ki sa masa hannu a bakin fanka.

Na sa miki ƙaramin sukudirebana mai jan kai, wanda na hana ki taɓawa tun kina rarrafe. Notinan ciki ba tsawonsu ɗaya ba, ki jera su a faranti yadda kika cire su. Daga gobe Tsohuwa taki ce, in wata rana kika samu furosesan da ya dace, ke za ki yanke shawara, ba sai kin aiko a tambaye ni ba. Ni zan ci gaba da 'yan gyare-gyarena, turin memori kuwa na bar wa Ɗanjuma, ya ci kasuwarsa shi kaɗai ya huta.

Innarki ta ce in daina cewa ko a jikina, don ta ga ina ta goge teburin da babu komai a kai. Gaskiyarta. Abu biyu ne suka hana ni sanin shiru shekarun nan, fankar Tsohuwa da bakinki, kuma duka biyun mota ɗaya za ta kwashe gobe. Ina murna, Allah ya sani, amma zan yi kewarki ƙwarai.

Al'ada ba ta bar uba ya raka 'yarsa ba, don haka gobe ina tebur ƙarƙashin dalbejiya kamar kullum. Dole motarku ta tsaya a shinge kafin a ɗaga muku sanda. Na san kina cikin lulluɓi, ba za ki yi magana ba, kuma odar mota ba shaida ba ce, motocin amarya duk haukan oda suke yi. In kin huce, ki ba Gwaggonki koren ƙyallen nan ta miƙo mini ta taga. Tsohuwa ba ta bukatarsa, teburina kuwa ba ya zafi, ba abin da zai toshe. Zan shimfiɗa shi a wurin da take zama.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutum. Allah ya sa albarka a ɗakinki da sana'arki, ya ba ku haƙuri da juna, ya sanyaya muku duk abin da ya yi zafi. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe wa tsohonki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sule mai gyara, Magama